Laba Bakwai Ko Kilo Uku? Sanin Awo Ga Uwargida

Zancenmu na wannan mako a kan awo ya ke. Kada wadda ta ji haka ta ajiye jarida ta ce ai wannan sha'anin 'yan kasuwa ne da malaman lissafi. Ki yi haƙuri ki ji abin da ya jawo maganar tukuna.

Watan jiya yayata ta sauka lafiya a nan Birnin Kebbi, aka sami ɗa namiji. Kashegari kakarmu ta taso daga Argungu don barka. Da ta karɓi jariri ta jinjina shi, sai ta dube ni ta ce, "Ke Malama, nawa aka ce angon nawa ya yi a sikeli?"

Na ce, "Uku da ɗigo biyu, Kaka."

Sai tsohuwa ta yi salati ta ce, "Uku? Ni da na haifi ubanku, bakwai cif unguwarzoma ta gaya mini. Wannan ko rabinsa bai kai ba! Lalle nonon uwar ba zai ishe shi ba, a nemo masa madarar gwangwani."

Nan da nan fuskar maijego ta sake, idonta ya cika da hawaye. Sai na ɗauko takarda na zauna kusa da su na yi lissafi. Bakwai ɗin Kaka laba ce, ukun yayata kuwa kilo ne. Kilo 3.2 shi ne laba bakwai har da ɗan ɗoriya. Ashe jariri da kakansa kunnen doki su ka yi. Aka yi dariya, aka bar yaro da nonon uwarsa. Amma ni abin ya tsaya mini a rai. Da babu wadda ta iya juya awon a ɗakin nan, da an ɗora wa lafiyayyen yaro abin da ba ya bukata, an kuma bar uwa da zullumi a banza. Gaskiyar masu magana, rashin sani ya fi dare duhu.

AWON DA TURAWA SU KA ZO DA SHI

Kafin zuwan Turawa, iyayenmu da mudu da tiya da ƙwarya su ke awon hatsi, har yau kuwa ba mu bar su ba. Turawan Ingila su ne su ka kawo nasu awon, aka riƙa sayen gyaɗa da auduga da shi, aka riƙa auna jarirai da shi a asibiti. Ga yadda ya ke, ki riƙe:

Oza 16 ita ce laba ɗaya.
Laba 14 ita ce siton ɗaya, watau "dutse" a harshensu.
Laba 112 ita ce abin da su ke kira "nauyin ɗari".
Nauyin ɗari 20, watau laba 2,240, shi ne tan ɗaya na Ingila.

Kin ga abin mamaki, an ce ɗari, an kuwa ba ki 112. Dalili shi ne siton takwas aka haɗa, takwas sau 14 kuwa 112 ke nan. Alamar laba a rubuce ita ce lb, daga kalmar mutanen Rum na dā, libra. A Turanci kalma ɗaya ce ga fam na kuɗi da laba ta awo. Mu Hausawa mun yi dabara mun raba su, ba mai cewa ya sayi fam biyu na nama alhali laba ya ke nufi.

A shekarun 1970 ƙasarmu ta sake abubuwa da dama. Ran 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo su ka maye gurbin fam da sule, a 1974 kuma aka yi dokar awo wadda ta kai mu ga kilo da giram da lita da mita. Sauƙin sabon awon shi ne komai goma-goma ya ke tafiya: giram 1,000 kilo ɗaya, kilo 1,000 tan ɗaya. Amma tsohon bai mutu ba. Yana bakin tsofaffinmu, yana cikin tsofaffin littattafan girki, yana jikin sikelin gwanjo da a ke kawowa daga waje. Mutanen Amurka har gobe da laba su ke awo, na Ingila kuwa in ki ka tambayi mutum nauyinsa, sau da yawa da siton zai amsa miki.

YADDA ZA KI JUYA SU DA KA

A 1959 ƙasashen da ke aiki da laba su ka yi yarjejeniya cewa laba ɗaya daidai ta ke da kilo 0.45359237. Ba na ce ki haddace wannan doguwar lamba ba. Ki riƙe dai laba ta ɗan gaza rabin kilo, kilo ɗaya kuwa laba biyu ne da ɗigo biyu. Oza ɗaya kimanin giram 28 ce. Ga dabara biyu da na ke koya wa 'yan ajina:

Daga kilo zuwa laba, ki ninka biyu, sa'an nan ki ƙara kashi ɗaya cikin goma na abin da ki ka samu. Buhun shinkafa mai kilo 50, ninki biyu 100, ƙara 10, laba 110 ke nan.

Daga laba zuwa kilo, ki raba biyu, sa'an nan ki cire kashi ɗaya cikin goma. Laba 20, rabi 10, cire 1, kilo 9 ke nan.

Bari mu gwada da abin da kowa ya sani a ƙasar Kabi. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka rufe tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi, a ke yin bikin kamun kifi. Dubban masunta su kan faɗa Matan Fada da homa da gora, wanda ya fito da kifi mafi nauyi shi ya ci. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya abin tattali a 2016. A bikin 2005 kifin da ya ci kilo 75 ne, na 2020 kuwa kilo 78. To, da Baturen zamanin Kaka ne ya auna na 2020, me zai rubuta? Ninki biyu 156, ƙara 15 da rabi, kusan laba 172. A raba da 14, siton 12 da laba huɗu. Watau ya ɗan haura nauyin ɗari ɗaya da rabi. Kifi ɗaya, lamba kala-kala: 78, 172, 12. Duk wadda ta ji lamba ba ta tambayi sunan awon ba, ba ta ji komai ba.

Matan da ke sana'ar shinkafa a fadamun gulbin Rima su lura da tan, gama iri uku ne. Na Ingila laba 2,240, watau kilo 1,016. Na Amurka laba 2,000, watau kilo 907. Wanda mu ke aiki da shi yanzu kilo 1,000, buhu 20 masu kilo 50. Tsakanin na Amurka da namu akwai kilo 93, kusan buhu biyu. Ba ƙaramar hasara ba ce ga wadda ta yi ciniki ba ta san wanne a ke nufi ba.

Game da mudu kuma, ki sani shi cika ya ke aunawa, ba nauyi ba. Mudun shanshera da mudun gyararriyar shinkafa cikarsu ɗaya, nauyinsu daban. Haka shinkafa mai laima da busasshiya. Mudun wannan kasuwa ma ba lalle ya zo daidai da na waccan ba. Saboda haka ba wanda zai gaya miki kilo nawa ne a mudu sai ke kin ɗora naki a sikeli, kowane irin hatsi da nasa.

LABA IRI BIYU CE

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙar. 'Yan makaranta su gyara zama, uwargida ma kada ta tashi. Kalmar nan "nauyi" abu biyu mu ke nufi da ita ba mu sani ba.

Na farko shi ne yawan jikin abu, watau yawan nama da ƙashin da ke cikin kifi, ko yawan ƙwayar da ke cikin buhu. Wannan ba ya sakewa ko ina ki ka kai abin, sai fa an yanka ko an ɗiba. Na biyu shi ne ƙarfin da ƙasa ke jan abin da shi zuwa gare ta. Shi ne ki ke ji a wuyanki in kin ɗauki tulu, shi ne ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa in ya nuna. Wani masani na Ingila, Isaac Newton, shi ya bayyana dokokin wannan ja a littafinsa na 1687.

Turawa sai su ka ba abubuwan nan biyu suna ɗaya. Akwai labar jiki, akwai labar ƙarfi. Labar ƙarfi ɗaya ita ce ƙarfin da ƙasa ke jan labar jiki ɗaya da shi. Saboda haka muddin abu yana zaune lafiya a doron ƙasa, lambobin biyu daidai su ke: buhu mai laba 110 na jiki, ƙasa na jansa da laba 110 na ƙarfi. Shi ya sa ba mu kan ga bambanci ba. Amma ga wurare huɗu da za ki gan shi da idonki ko da hankalinki.

Na ɗaya, bakin rijiya. Guga mai cin lita 10 kilo 10 na ruwa ke cikinsa, laba 22. In kin riƙe shi cik, igiya na ɗauke da laba 22 na ƙarfi. In kin fizge shi da sauri, ruwan bai ƙaru ko ɗigo ba, amma ƙarfin da ke kan igiya ya ƙaru. Shi ya sa tsohuwar igiya ba ta tsinkewa sai wajen fizga.

Na biyu, cikin ruwa. Masunci ɗaya ya kan iya jan giwan ruwa a cikin kogi, amma da an fito tudu sai an taru a kansa. Kifin 2005 sai da mutum huɗu su ka ɗaga shi zuwa sikeli. Kifin bai yi ƙiba a bakin gaɓa ba. A cikin kogi ruwa ne ke tallafe da shi, a tudu kuwa hannun mutane kaɗai ya rage.

Na uku, tsakanin gari da gari. Jan ƙasa ba daidai ya ke ko ina ba. Duniya ta ɗan kumbura a tsakiyarta, tana kuma juyawa, don haka jan ya fi rauni a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar, irin tamu. Tsakanin Landan da Birnin Kebbi bambancin kimanin kashi uku ne cikin dubu.

Na huɗu, duniyar wata, inda Neil Armstrong ya sa ƙafa a 1969. Can jan kashi ɗaya ne cikin shida na namu. Kifin Argungu mai laba 172 ba zai ja hannunki da abin da ya kai laba 30 ba, alhali namansa zai ƙosar da mutanen da zai ƙosar a nan, ba ragi.

SIKELI MA IRI BIYU NE

Wannan bayani yana da amfani a kasuwa. Akwai ma'auni mai kwano biyu, a sa kaya a ɗaya, a sa duwatsun awo a ɗaya. Shi jiki ya ke gwadawa da jiki. In jan ƙasa ya ragu, ya ragu ga kwanonin duka biyu, don haka amsarsa ɗaya ce a Argungu, a Landan, ko a wata. Akwai kuma mai ƙugiya ko mai faranti da allura, wanda ke da naɗaɗɗiyar waya a ciki. Shi ƙarfi ya ke ji, sa'an nan ya rubuta miki shi da sunan kilo ko laba. Na zamani mai batir ma haka ya ke. Da za a saita irin wannan a Landan a kawo shi nan ba a sake saiti ba, buhu mai kilo 100 zai nuna ya gaza da kamar giram 300. Wannan kaɗan ne. Abin da ya fi shi ɓarna shi ne waya ta gaji, ko allura ba ta kan sifiri, ko yatsan mai awo ya huta a gefen faranti. Yatsa ba shinkafa ba ne, amma sikeli bai san haka ba, ƙarfi kawai ya ji.

Haka in ana auna jariri a sikelin ratayawa yana wutsil-wutsil, za ki ga allura na rawa. Ba yaron ne ke ƙaruwa yana raguwa ba, fizgarsa ce. Shi ya sa ma'aikaciyar lafiya ta kan jira ya natsu kafin ta rubuta.

DON 'YAN MAKARANTA

Masana sun ga wannan rikici na suna ɗaya, su ka nemi magani. In an saki abu daga sama, gudunsa ya kan ƙaru da kimanin ƙafa 32 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, watau mita 9.8. Da wannan lamba 32 a ke juya jiki zuwa ƙarfi a awon Turawa. Waɗansu su ka bar laba ga jiki, su ka ƙago ƙaramin awon ƙarfi mai suna fandal: fandal 32 ne labar ƙarfi ɗaya. Waɗansu kuma su ka bar laba ga ƙarfi, su ka ƙago babban awon jiki mai suna silog: silog ɗaya laba 32 ne na jiki, kilo 14 da rabi da 'yan kai. Kifinmu mai laba 172, in kin raba da 32, silog biyar ne da sulusi. In kin ninka da 32, ƙasa na jansa da fandal 5,500.

Sabon awo ya huta da wannan wahala. Kilo na jiki ne kaɗai, ƙarfi kuwa aka ba shi sunan niyuton don tunawa da masanin nan. Ƙasa na jan kilo ɗaya da niyuton 9.8. Labar ƙarfi ɗaya niyuton 4.45 ce. Buhu mai kilo 50, sau 9.8, niyuton 490. A raba da 4.45, an dawo laba 110 na ƙarfi. In an ba ki tambaya a jarrabawa, kafin ki taɓa alƙalami ki tambayi kanki: jiki a ke nema ko ƙarfi?

Kada ki zaci labar ƙarfi a littafi kaɗai ta ke. In mai faci ya ce ya sa wa tayar mota iska talatin da biyu, nufinsa iskar na tura kowane inci murabba'i na cikin tayar da laba 32 na ƙarfi.

MANYA MA SUN YI TUNTUƁE

Ba Kaka kaɗai awo ya taɓa ruɗawa ba. A watan Yuli 1983 wani jirgin sama na Air Canada ya tashi daga Montreal zuwa Edmonton, a lokacin da ƙasar Kanada ke komawa sabon awo. Man da ya ke bukata kilo 22,300 ne, aka yi lissafi da laba, ya tashi da abin da bai kai rabi ba. Mai ya ƙare a sararin sama, injuna su ka mutu. Allah ya kiyaye, matuƙa su ka lallaɓa su ka sauke shi a wani tsohon filin jirgi a Gimli, ba a rasa rai ba. A watan Satumba 1999 kuma hukumar NASA ta Amurka ta yi hasarar kumbon da ta aika duniyar Mars, domin ɓangare ɗaya na masu aikin ya ba da lissafinsa da labar ƙarfi, ɗaya ɓangaren ya karanta shi a matsayin niyuton.

To, in ƙwararru sun yi haka, ina ga ni da ke? Mu namu kumbon shi ne 'ya'yanmu. Magungunan yara da yawa, har da na zazzaɓin cizon sauro, bisa kilon yaro a ke ba da su. A ce kin ɗora ɗanki a sikelin gida na gwanjo, ya nuna 22, ba ki lura da lb da ke gefe ba. Ki ka je ki ka ce wa mai ba da magani yaro 22 ne. Yaron kuwa kilo 10 ne. Ga shi za a ba shi fiye da ninkin abin da jikinsa zai ɗauka. Allah ya tsare mu.

ABIN RIƘEWA

Kada ki karɓi lamba ita kaɗai, ko a asibiti ko a kasuwa. Ki ce, "Kilo ko laba?" Matambayi ba ya ɓata.

Ki duba sikelin gidanki yau. In kin ga kg, kilo ne. In kin ga lb, laba ce. In kin ga st, siton ne. Da yawa suna da ɗan maɓalli a ƙasa na sakewa, ki mai da shi kilo ki bar shi nan.

Kafin a auna miki kaya, ki ga allura a kan sifiri, ki ga hannun mai awo ya bar faranti, ki jira kaya su daina lilo.

Jaririn da aka haifa ƙasa da kilo biyu da rabi, watau laba biyar da rabi, shi ne a ke cewa bai cika nauyi ba, yana bukatar kulawa ta musamman daga ma'aikatan lafiya. Ki adana katin awon ɗanki kamar yadda ki ke adana sarƙarki, ki riƙa kai shi awo a kan lokaci.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikin gida. Kowace ta tambayi kakarta ko ta tuna laba nawa wani cikin 'ya'yanta ya yi ran haihuwa, ta juya mata shi zuwa kilo. Sa'an nan ta auna mudun gidansu na shinkafa da na gero, ta rubuta a jikin bangon ɗakin girki don amfanin mahaifiyarta. Wadda ta yi, ta rubuto mini abin da ta samu.

Ran suna Kaka ta sake kirana gefe ta ce, "Malama, ni fa nawa na ke a wannan kilon naku?" Na ɗora ta a sikeli, ya nuna 50. Na ce, "Buhun shinkafa guda, Kaka, laba 110." Ta ce to a rubuta mata na laba, ya fi cika baki.

Allah ya raya mana zuriya, ya ƙara mana sani mai amfani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalam.